Baba ya rasu bai bar ko fili ba: ya yi nasara ko bai yi ba?

Ɗan Mai Bishara:
Salama gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Na daɗe ina karanta abin da kuke rubutawa a zauren nan ban taɓa tofa albarkacin bakina ba, yau dai abin ya ci tura. Wata uku ke nan da muka binne Baba. Shekara 34 ya yi yana aikin bishara a ƙauyuka, an canja masa wurin aiki sau shida, bai taɓa riƙe majami'ar da ta tara mutum 100 ba. Keke ya yi ta hawa har gwiwa ta gaza, sannan wani bawan Allah ya ba shi tsohon babur. Da muka buɗe akwatinsa na ƙarfe, abin da ke ciki riguna uku ne, da Littafi Mai Tsarki na tsohuwar fassarar nan ta 1932 wanda bangonsa ya fita aka ɗaure da roba, da littafin waƙoƙi, da wani littafin rubutu cike da sunayen mutane. Babu fili, babu gida. Mama yanzu tana wurina a gidan haya. Ƙannena biyu sun bar makaranta a aji uku na sakandare saboda rashin kuɗi.

Lahadin da ta wuce a majami'armu ta birni wani ɗan'uwa ya yi godiya don ya tare a sabon gidansa. Ba ni da kome a raina game da shi, Allah ya sanya alheri. Amma mai wa'azi ya nuna shi ya ce ga shaidar mutumin da Allah yake tare da shi. Mama tana zaune kusa da ni, na ga ta sunkuyar da kai. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. In gida da mota su ne shaidar, to Baba fa? Don Allah kada ku yi mini ta'aziyya, na sha ta har na ƙoshi. Ku gaya mini gaskiya: Baba ya yi nasara ko bai yi ba?

Maman Tagwaye:
Ɗana, ko ka hana sai na ce sannu da rashi. Ubangiji ya ta'azantar da ku, ya riƙe Mama. Kafin in ce kome, littafin nan na sunaye, ka zauna ka karanta shi kuwa?

Ɗan Mai Bishara:
Ban iya ba tukuna, Mama. Da na ga rubutun hannunsa sai in rufe.

Mai Shago a Sabon Gari:
Ɗan'uwa, ka ce gaskiya kake so, to ni zan faɗi tawa ko da za a ga baƙina. Mu Kiristocin Arewa mun daɗe muna shafa wa talauci turare muna kiransa ruhaniya. Ibrahim mai arziki ne. Ayuba mai arziki ne. Lidiya 'yar kasuwa ce, shunayya take sayarwa, kuma a gidanta Bulus da abokan tafiyarsa suka sauka a Filibi. Kabarin da aka sa Ubangijinmu na mai arziki ne, Yusufu na Arimatiya. Ba na zagin Baba, Allah ya kiyaye. Amma yara biyu sun bar makaranta, tsohuwa ba ta da ɗaki nata. 1 Timoti 5:8 ta yi magana mai zafi a kan wanda bai kula da iyalinsa ba. Akwai inda aka gaza, kada mu rufe shi da waƙa.

Baba Dattijo:
Ɗana na Sabon Gari, maganarka ta taɓa gaskiya, amma ka ɗora kayan a kan wanda ba nasa ba ne. Na yi shekara 19 a cikin dattawan majami'a, na san yadda ake biyan masu bishara na ƙauye, domin da hannuna na sa a takardun. Akwai wanda yakan yi wata huɗu ba albashi. A tura mutum inda masu bi goma sha biyu ne, dukansu manoma, a ce ya ci daga baikonsu. Baikon nawa ne? Wani mako ƙwai biyu ne da mudun dawa. Mu kuwa a birni muna ta rigima a kan kalar tayil ɗin da za a sa a bagade.

Nassi bai ɓoye ba: 1 Korintiyawa 9:14 ta ce masu yin bishara su ci daga bishara. Wasiƙar nan da ka ambata ma, ka ƙara gaba kaɗan zuwa 5:18, za ka ga an hana sa wa takarkari takunkumi sa'ad da yake sussuka. Mu muka sa wa mahaifin yaron nan takunkumi. In akwai gazawa a labarin nan, kuma akwai, tamu ce, mu da muka riƙe asusu. Ina faɗa da kunya, ni ma ina ciki.

Mai Shago a Sabon Gari:
Na karɓa, Baba. Wannan ban yi musu ba.

Auta:
Ku yi mini haƙuri in sa baki, ni ƙarami ne a cikinku. Shekara biyar ke nan da na gama bautar ƙasa, ba aiki. Bara na je wani taron farkawa, mai wa'azi ya karanta 3 Yahaya aya 2 da Joshuwa 1:8, ya ce nufin Allah ne kowane ɗansa ya wadata, duk wanda bai wadata ba akwai abin da ya toshe masa hanya, sai ya shuka iri. Na sayar da wayata na kai kuɗin. Har yau shiru. Abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne na koma gida ina ganin kaina kamar wanda Allah ya ƙi. Saboda haka tambayar Yaya tawa ce ni ma. In ba ka da abin nunawa, ta yaya za ka san Allah yana tare da kai?

Fasto:
Auta, ɗana, an cuce ka, kuma da Littafi aka cuce ka, shi ya sa abin ya yi mini zafi. Bari mu buɗe ayoyin nan biyu mu gani. 3 Yahaya wasiƙa ce gajeriya da dattijo ya rubuta wa abokinsa Gayus. Aya ta biyu gaisuwa ce ta farkon wasiƙa, kamar yadda kakanninmu suke fara tasu da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya. Fatan alheri ne na mai ƙauna, kuma abu ne mai kyau, amma ba a ɗauki gaisuwa a mai da ita takardar alkawarin mota ba. Joshuwa 1:8 kuwa an faɗa wa mutumin da aka ɗora wa aiki takamaimai: Musa ya rasu, kai ne za ka haye Urdun da jama'ar nan. Nasarar da aka yi masa alkawari ita ce ya gama aikin da aka ba shi, muddin bai rabu da Shari'a ba.

Yanzu ka buɗe Farawa 39. A aya ta biyu an ce Ubangiji yana tare da Yusufu, ya kuwa yi nasara. A ina yake lokacin? A gidan Fotifar, bawa ne da aka saya da kuɗi, ko rigar jikinsa ba tasa ba ce. Ka gangara ƙarshen surar, an sake faɗin maganar, wannan karon yana kurkuku bisa ƙazafi. Mun saba gaggawa mu kai shi fadar Fir'auna don mu ce ka gani, ya zama babba. Amma Littafi bai jira fada ba, tun yana bawa ya ce Allah yana tare da shi. Ayar nan ma da matasa suke rubutawa a bayan a-daidaita-sahu, Filibiyawa 4:13, mai cewa zan iya yin kome ta wurin mai ƙarfafa ni, ku karanta ta sama da ita. Bulus yana maganar ƙoshi da yunwa ne, samu da rashi, kuma daga ɗaure ya rubuta.

Saboda haka kada ka ƙara sayar da kome naka don sayen tagomashin Allah. Ba na sayarwa ba ne.

Malama daga Wusasa:
Tarihi nake koyarwa, bari in kawo abin da na sani. A watan Disamba na 1893 samari uku suka sauka a Legas da niyyar kawo bishara cikin ƙasar nan tamu: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Shekara ba ta zagayo da kyau ba biyu suka mutu. Gowans a Girku, nan kusa da mu a ƙasar Zazzau, bai kai shekara 30 ba. Kent a Bida. Dukansu a 1894. Ba su gina majami'a ba, ba su bar taron masu bi ba. Bingham ya koma gida da ciwo. Ya sake zuwa a 1900, ciwo ya sake kora shi. Sai a karo na uku aka samu aka kafa tasha a Patigi a 1902. Daga wannan aikin na ƙungiyar mishan ta SIM ne majami'ar ECWA ta fito a 1954, yau kuwa sai ka yi da gaske kafin ka sami gari a Arewa da babu ita. Duk wanda ya tsaya a bakin kabarin Gowans a 1894 cewa zai yi yaro ya zubar da ransa a banza. Ɗan'uwa, mai yiwuwa abin da Baba ya shuka bai tsiro ba tukuna.

Mai Shago a Sabon Gari:
Malama, labarin yana da daɗi saboda mun san ƙarshensa. To in da ECWA ba ta fito ba fa? In da Bingham ya koma ya kama sana'a, aka manta da su? Gowans ya yi nasara ko bai yi ba? Domin in amsar ita ce ya yi nasara saboda miliyoyin da suka biyo baya, to ba mu bar ƙidaya ba, mun dai canja abin da muke ƙirgawa. Mai wa'azin can yana ƙirga ɗakuna, ke kina ƙirga kawuna.

Malama daga Wusasa:
Kai, ka kama ni. Na yi shiru na ɗan lokaci ina juya maganar, gaskiyarka ce. Na ba shi ta'aziyyar da ya ce ba ya so, na ce masa jira, riba tana tafe. Wataƙila ba za ta zo ba a inda ido zai gani. Akwai ƙauyukan da aka yi shekaru ana aiki, yau majami'ar ta zama kango, jama'a sun watse saboda rashin tsaro.

Fasto:
Nan ne maganar ta kai inda ya kamata. Ku ɗauki Irmiya. Kusan shekara 40 yana faɗakarwa, daga zamanin sarki Yosiya har faɗuwar Urushalima. Sarki Yehoyakim ya yayyanka littafinsa da wuƙa ya jefa a wuta. An jefa shi a rijiya mai laka. Birnin da ya yi ta roƙo ya tuba an ƙone shi a kan idonsa, ƙarshe ma jansa aka yi zuwa Masar ba da sonsa ba. In da rahoton shekara yake kawowa a taron gunduma, da tuni an ce a canja shi. Wa zai tashi yau ya ce Irmiya ya kasa?

Ma'aunin da na samu yana cikin Matiyu 25, misalin talanti. An ba wani biyar, wani biyu, wani ɗaya, kowa gwargwadon ƙarfinsa. Mai biyar ya kawo goma, mai biyu ya kawo huɗu. Ku duba aya 21 da aya 23, ku gwada su kalma da kalma. Maganar da maigida ya yi wa mai goma ita ce ya yi wa mai huɗu, bai rage ko ɗaya ba: madalla, bawan kirki, mai aminci. Bai ce bawa mai yawa ba. Wanda aka tsauta wa kuwa ba don nasa kaɗan ne ba, don ya tona rami ya binne ne. Saboda haka tambayar da za a yi mana ita ce, abin da aka damƙa a hannunka me ka yi da shi? Mai shago, kai an ba ka jari, za a tambaye ka mudunka da yaranka na shago. Dattijo an ba shi asusu. Baba an ba shi ƙauyuka shida da keke.

Wannan ma'aunin bai wanke malalaci ba, domin malalaci shi ne mai ramin. Bai kuma kushe mai sabon gida ba, in da halal ya gina. Abin da ya hana shi ne a nuna gidan a ce ga hujja. Manomin nan na Luka 12 rumbunansa sun cika har yana shirin rushe su ya gina manya, a daren aka kira shi wawa.

Ɗan Mubi:
Mu a nan ba a littafi kaɗai muka karanta wannan ba. Rabaran Lawan Andimi na majami'ar EYN, shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN a Michika, 'yan Boko Haram suka kama shi a watan Janairun 2020, a cikin watan suka kashe shi. Da yawanmu mun ga bidiyon da aka ɗauke shi yana hannunsu. Ya yi magana a natse, ya ce bai karaya ba domin kome yana hannun Allah, ya roƙi a kula da iyalinsa. Tun daga lokacin in na ji ana cewa alamar Allah yana tare da kai ita ce kome ya tafi maka daidai, sai in tuna fuskar mutumin nan. Ban iya haɗa maganar da fuskar ba. Ba ina cewa sai an kashe mutum ya zama ya yi nasara ba, Allah ya tsare mu. Amma bisharar da ba za a iya wa'azinta a Michika ba, ban ga dalilin da za a yi ta a Abuja ba.

Ɗan Mai Bishara:
Na gode muku duka. Akwai abin da ban faɗa ba, bari in fito da shi tun da mun kai nan. Ina jin haushin Baba. Shi aka kira, ya amsa. Mu wa ya tambaye mu? Ƙanwata tana da kai fiye da ni, likita take so ta zama, yanzu tana soya awara a bakin titi. Na yarda da maganar talanti, Fasto. Amma mu ma ba talanti ba ne da aka damƙa masa? Na taɓa roƙonsa ya nemi canji zuwa gari don karatunmu, ya ce ba shi ne yake zaɓar inda zai tafi ba. Har yau maganar tana ci mini rai.

Fasto:
Ba zan ce maka kada ka ji haushi ba, kuma ba zan ce Baba bai yi kuskure ba. Ban san shi ba. Na san da yawa cikin iyayenmu na wancan zamani an koya musu cewa neman abu don iyali rashin bangaskiya ne, kuma koyarwar ba daidai ba ce. Ku talanti ne, ƙwarai kuwa. Mai yiwuwa a wannan gefen ya gaza, ko kuwa ya yi iyakar abin da ya sani. Mutum yakan yi aminci a abu ɗaya ya yi rauni a wani, Dawuda ma gidansa bai zauna lafiya ba. Shi ya sa ni ba zan iya buga wa Baba hatimi in ce ya ci ba, kamar yadda mai wa'azinku bai isa ya buga wa mai gida ba. Bulus ya ce ko kansa ba ya yanke wa hukunci, a jira Ubangiji ya zo, 1 Korintiyawa 4. Abin da zan iya tsayawa a kai shi ne, akwatin ƙarfen nan ba hujja ba ne cewa Allah ya rabu da shi.

Maman Tagwaye:
Kun yi ta magana a kan Baba, ba wanda ya ambaci wadda ta sunkuyar da kai. Shekara 34 ɗin nan da wa aka yi su? Wa ya ɗaure kaya sau shida? Wa ya dafa wa baƙin majami'a tuwo da hatsin da ya kamata ya kai yara kaka? Na zauna da matan masu bishara a taron zumunta, na san abin da suke haɗiyewa. Ana kiran miji bawan Allah, ita kuwa ko a jana'iza sai dai a ce ta yi haƙuri. Ɗana, tambayar da ka kawo mana, ita ma tana yi wa kanta da dare, tana cewa ko rayuwarta ta tafi a banza. Kada ka bar ta ita kaɗai da maganar mai wa'azin nan. Ka je ka zauna kusa da ita, ku buɗe littafin tare. Ita ta san masu sunayen.

Baba Dattijo:
Maman Tagwaye ta faɗi abin da ya fi namu. Ni kuma akwai abin da ya rage mini. Ɗana, ka turo mini saƙo ta gefe da sunan gundumar da Baba ya yi aikinsa na ƙarshe. In akwai haƙƙinsa na sallama ko fansho da ba a biya ba, na san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. Ba alfarma za a yi wa Mama ba.

Auta:
Fasto, na karanta Farawa 39 sau biyu yanzu. Gobe zan koma wurin kawuna mai gyaran janareta da ya daɗe yana kirana ina ƙi saboda digiri. Ku sa ni a addu'a, girman kan bai gama fita ba.

Ɗan Mai Bishara:
Na dawo. Jiya da dare na yi yadda Maman Tagwaye ta ce. Mun kai ƙarfe ɗaya ni da Mama. Sunayen gaba na waɗanda ya koya wa karatu ne a ajin yamma, ƙauye bayan ƙauye, da waɗanda ya shirya don baftisma. Mama tana ta ba ni labarinsu: wannan ya rasu, wannan malamin asibiti ne yanzu, wannan ya koma shan burkutu, Baba ya yi ta binsa har ya bar garin bai dawo ba. Ba duka ne suka tsaya ba, kuma bai goge sunan kowa ba. A tsakiya akwai shafi mai sunayenmu mu biyar, takardar wurin ta yi baƙi ta yi laushi saboda yawan taɓawa. A gefen sunan ƙanwata ya rubuta makaranta, ya ja layi biyu a ƙasa. Haushin bai tafi duka ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma ban san yana ɗauke da abin ba sai jiya.

A shafukan baya basussuka ne. Taki, maganin Mama, kuɗin jarrabawata. Duk ya soke su da kwanan watan da ya biya, sai guda ɗaya: rabin buhun masara da ya karɓa wurin wani mutum a ƙauyen ƙarshe, damina biyu da suka wuce. Mama ta ce mutumin ba Kirista ba ne, maƙwabci ne, kuma shi ya fara zuwa da safen da Baba ya rasu.

Mai Shago a Sabon Gari:
Ƙanwar taka shekarunta nawa? In har yanzu tana son karatu, a nemo mata makaranta ta koma, kuɗin zango da na jarrabawar WAEC a kaina, har ta gama. Ƙanen naka kuma in yana son kasuwa akwai wuri a shagona. Ka yi shawara da Mama tukuna, kada ka amsa mini yau.

Ɗan Mai Bishara:
Shekararta 19, Yaya. Ban san abin da zan ce ba. Zan gaya wa Mama in ta tashi, ta sami barci yanzu. Ranar Asabar zan shiga motar kasuwa in kai wa mutumin nan masararsa. Mama ta ce za ta bi ni, tana so ta gaisa da matarsa.